Attajirin da Manhaja ta Ƙirƙira

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na ce zan cike takardar harajina da kaina.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Mubi. Ni kuwa mutum ne mai tsoron hukuma. Ko ɗan sanda na gani yana sayen rake sai na laluba aljihu na tabbatar da katin shaidata. Don haka sai da na yi mako uku ina gwada manhajojin lissafin haraji, ina karanta sharuɗɗansu har ƙarshe (ina jin ni kaɗai ne a Adamawa na taɓa yin haka). Daga baya na zaɓi wadda ake loda wa bayanan banki ta tsara komai.

Ga inda gizo ke saƙar. Matan unguwarmu ta Kolere suna adashe, kuma da yake ana ganin na yi boko, uwar adashen, Inna Dija mai gyaɗa, a asusuna take sa a zuba kuɗin. Duk sati su shigo, duk wata su fita.

Manhajar ta riƙa tambayata kan kowane kuɗi: wannan samunka ne? A gaskiya ba nawa ba ne, to amma a asusuna ya kwana. Idan na ce a'a, wataƙila a ce na ɓoye. Sai na danna "e". Na sake dannawa. Haka har na ƙare lissafin shekara guda, na aika, ina jin kaina ɗan ƙasa nagari.

Harajin da ya fito ya fi shagon da injinan cikinsa. Idan aka riƙe asusun fa? Ranar Juma'a ake kwasa, kuma matar da za ta kwasa da su za ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Na je na yi wa Inna Dija bayani a kaikaice. Nan take ta yafa mayafi ta tare mana Keke Napep.

A ofishin haraji muka sami wata ma'aikaciya, Madam Saratu, 'yar Michika. Ta dubi kwamfuta, ta dubi silifas ɗina.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina ka ajiye motar?"

Sai ta shiga karanto sunayen masu turo kuɗin, da ƙarfi, mutane cike da benci. "Maman Biyu. Hajja mai ƙosai. Maman Biyu kuma. Ɗana, me kake buga wa Maman Biyu duk Talata?"

"Ranki ya daɗe, ai kamar... za a iya cewa... adashe ne."

"Za a iya cewa?" in ji Inna Dija. "Adashe ne! Shekara talatin ina riƙe shi a ƙullin zane, gwamnati ba ta taɓa jin labarinmu ba. Shekara ɗaya a hannun mai digiri, ga mu a ofis."

Wani dattijo a benci ya yi dariya har da tari. Ni dai ina kallon siminti, ina fatan ya tsage.

Madam Saratu ta nuna mini wurin da ake ware kuɗin da ba na mutum ba. Yana nan ɓaro-ɓaro a manhajar. Tun farko na gan shi, tsoron taɓa shi na yi. Muka gyara, harajin ya dawo daidai tsawona, asusun kuma ba wanda ya taɓa shi.

A hanyar gida na ce, "Inna, ko za ku nemi wani ya riƙe muku?"

"Wa? Mutumin da ya kai kansa ƙara a kan kuɗin da bai ci ba? Kai za ka riƙe, har ka tsufa."

Abin da na koya ke nan: na'ura ta iya ƙidaya, amma ba ta san Maman Biyu ba. Kuma gaskiya ma, idan tsoro ne ya cike mata takarda, ƙarya take fitowa.