Gashin Baki da Ƙuri'a Ɗari Biyu

Wani ne a nan Nasarawo, Allah bai ba shi sana'a ba, bai ba shi ilimi ba, sai ya haɗa masa rabonsa duka a gashin baki. Shekara goma sha biyu yana kiwonsa. Har man zaitun yake shafa masa, alhali ƙafarsa duk faso.

Kullum yana zaune a shagon Rufa'i, wani Bakatsine mai sayar da atamfa. Zaɓe ya rage mako guda, Rufa'i ya fara tsokana.

"Ku fa mutanen nan ba ku san zaɓe ba. Mu a jiharmu ko mai jego da ruwan zafinta take zuwa layi."

Mutumin ya murɗa gashin baki. "Alhaji, kar ka raina Gombe. Rumfar zaɓen unguwar nan mutum ɗari uku ne. In ɗari biyu ba su jefa ƙuri'a ba, a aske min wannan."

"Kowa ya ji?" in ji Rufa'i. 'Yan shago suka ce sun ji.

Sai da ya koma gida ya tuna wancan zaɓen mutum sittin suka fita. Ya kunna rediyo, ya tarar wani masani yana bayanin abin da ke sa wata jiha ta fi wata fita zaɓe. Ya ce akwai nisan rumfa, akwai tsaro, akwai yarda da 'yan siyasa. Ya ce amma babban abu, inda takara ta yi zafi, har kowa yake jin in bai fita ba za a yi masa dariya, nan ake cika layi.

Gogan naku ya ce, "Af! Zafi kawai? Ai wannan mai sauƙi ne."

Da safe ya tafi wurin Usaini mahauci. "Sarkin fawa, ni ba na son gulma. Amma Malam Timoti ya ce ku 'yan gangare duk ƙuri'unku ba za su cika keke ɗaya ba."

Usaini ya soka wuƙa a katako. "Shi Timoti malamin makarantar?"

Ya haura tudu. "Malam Timoti, Usaini ya ce ku 'yan tudu sai Turanci, ranar zaɓe kuna ƙarƙashin gado."

Timoti ya cire tabarau. "Ni Usaini zai gaya wa gado?"

Bai bar mata ba. Ya ce wa Delu mai ƙosai, "Yaya Delu, Jummy ta ce ba kya zuwa zaɓe don kar a ga shekarunki a kati." Ya ce wa Jummy mai ɗinki, "Anti, Delu ta ce hotonki na kati ko na'ura tsoronsa take ji." Kafin Juma'a ya zuba wa gida arba'in wuta. Unguwar da ake aron gishiri ta kan katanga, ta koma ba a amsa sallama.

Ranar zaɓe tun asuba layi ya kai bakin kwalta. Ma'aikata ma ba su gama jera tebur ba. Mutumin ya zo da babbar riga, ya goge gashin baki yana sheƙi, yana bin layi yana ƙirga kai kamar mai sayen tumaki.

"Ɗari biyu da tamanin! Alhaji Rufa'i, ina kake?"

Abin da masanin rediyo bai gaya masa ba shi ne, a layi mutane hira suke yi. Allah ya sa Usaini a bayan Timoti.

"Malam, ga mu, ka ga keke ya cika?"

"Wane keke? Kai dai ka ga mun fito daga ƙarƙashin gadon."

"Wane gado? Wa ya ce maka na faɗa?"

Timoti ya nuna gogan da baki. Usaini ya ce shi ma shi ne. Daga layin mata Delu ta ɗaga murya, "Jummy, ke ma mai gashin bakin ne?" Magana ta bi layi kamar wutar kara. Kai ɗari biyu da tamanin suka juyo wuri ɗaya.

Gogan ya ce, "Jama'a, kishin jiha ne ya—"

Takalmin Delu ya riga ƙarshen maganar isowa.

Ya tattare riga ya zuba a guje. Ranar an hana zirga-zirga, ba keke, ba acaɓa, titi fayau kamar an share masa. Layi ya warware ya bi shi, maza a gaba, mata da goyo a baya. Bai tsaya ba sai Tumfure, ya ɗare wata bishiyar mangwaro a bakin gona.

Jama'a suka zauna a inuwa. Wasu suka shiga tsinkar mangwaro.

Yana can sama yana duba agogo. "Don Allah ku koma layi! Biyu da rabi ake rufewa!"

Usaini ya ce, "Sauko mu tafi tare."

Gogan ya leƙo ƙasa. "Malam Timoti, kai mai ilimi ne, ƙuri'arka 'yancinka!"

"Na sani," in ji Timoti. "Zaɓe bayan shekara huɗu zai dawo. Kai kuwa in ka tsere yau ba mu san ranar ba."

Sai la'asar cinnaku suka sauko da shi. Abin da ya biyo baya, rigar dai ba ta sake ɗinkuwa ba.

A rumfa kuwa aka ƙirga ƙuri'a huɗu. Iya mai ciwon gwiwa, da wasu tsofaffi biyu, da wani mai karaya.

Washegari Rufa'i ya zo har gida da wanzami da 'yan kallo. Aka zaunar da mutumin a kan turmi, ido ɗaya a kumbure. Aska ta bi ta dama, shekara shida suka zube a ƙasa. Kafin a taɓa na hagu ya riƙe hannun wanzami.

"Tsaya. Alhaji, tsakani da Allah, duk abin da masani ya faɗa na yi. Wai ku me kuke da shi a jiharku da mu ba mu da shi?"

Rufa'i ya ce, "Ba abin da muke da shi ba ne. Kai ne ba mu da shi."