Ranar Da Na Wanke Wa Baba Desmond Ganguna

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a Birmingham ba, ranar da na tsaya gaban tsofaffin makaɗa ina washe baki ina jiran yabo, alhali ɓarna na tafka wadda har yau idan na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina shekara ta biyu a digirina na uku a Manchester, fannin kimiyyar sinadarai (kuma ilimin nan nawa shi ya ƙara dagula lamarin). Muna zaune a Old Trafford, ni da maigidana da 'yarmu Hanifa. Maƙwabcinmu na jikin bango wani dattijo ne mai suna Desmond, iyayensa 'yan Jamaika, shi kuma haihuwar Birmingham. Ya haura saba'in, kuma shi kaɗai yake zaune. Bakina ya ƙi kiran sa'an mahaifina da sunansa gatsal, sai na laƙaba masa Baba, shi kuwa ya karɓa da murna. Duk ranar da na yi farfesu sai na zuba masa, har ta kai ya ba mu makullin gidansa saboda ko-ta-kwana.

Na san yana kaɗa ganga, domin kullum da la'asar mukan ji dum-dum ta jikin bango na kamar rabin awa. Na kuma san ya yi shekaru yana tuƙa bas a Oxford Road kafin ya yi ritaya. Sai na haɗa lissafina: tsohon direba ne da ya samu abin rage zaman kaɗaici. Mu a gidanmu na Zariya, makaɗi shi ne mai kalangun da zai zo ranar biki, a yi masa liƙi, ya kama gabansa. Ban taɓa zama na tambayi Baba wane ne shi ba.

Wata rana ya gaya mana cewa abokansa da suka yi kiɗa tare tun suna samari, waɗanda suka rage a raye, za su sake haɗuwa su yi wasa a wani zauren taro a Handsworth, unguwar da ya tashi a Birmingham. Ciwon gaɓoɓi ya fara cin yatsunsa, ya san wannan ne na ƙarshe, don haka 'yarsa Marcia ta ɗauko wanda zai naɗi sautin a ajiye wa jikoki. Shi zai riga mu tafiya ranar Laraba a jirgin ƙasa, su yi gwaji da gangunan aro. Nasa na kansa kuwa, ya roƙi maigidana ya kai masa a mota ranar Lahadi da safe. Ya jera su a falonsa ya tafi.

Ranar Alhamis ba ni da aiki a jami'a, sai na shiga in kwashe masa wasiƙun da aka zuro ta ƙofa. A nan na gan su da kyau a karon farko, na yi salati. Akwai faya-fayen tagulla guda huɗu masu kama da murfin tukunya, sun yi baƙi ƙirin, wani wurin har ya koma kore. Ƙaramar gangar da yake sawa tsakanin gwiwoyinsa, an manna mata wani tsumma da salatif wanda ya daɗe da zama ruwan ƙasa. Babbar gangar da ake bugawa da ƙafa kuwa tana da rami a gaba, na leƙa na ga wani tsohon filo a cuse a ciki, ya lotse, ya yi dauɗa, yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, namiji ba mace a gida. Wato haka zai fita gaban jama'a da kaya kamar an tono su daga bola, kuma ina maƙwabciyarsa?

Ni kuwa goyon kaka ce, matar da idan ka wanke tukunya sai ta ɗaga ta duba fuskarta a gindinta. Ga shi kuma na karanci abin da ke sa tagulla ta yi baƙi da abin da ke cire shi. Na kawo lemon tsami, na kawo gishiri da ruwan khal da soson ƙarfe, na ɗaura zani na zauna. Awa huɗu cur ina dirza. Da na gama, faya-fayen nan suna ƙyalli kamar kayan jeren amarya. Na ɓalle tsumman nan, na goge fatar gangar da sabulu. Filon kuwa da yatsu biyu na ɗauko shi na jefa a kwandon shara, washegari da sassafe motar shara ta zo ta kwashe. Har hoto na ɗauka na tura wa yayata.

Da maigidana ya dawo daga aiki na ja shi na nuna masa. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Maman Hanifa, kin tambaye shi kuwa?"

"Tambayar me? Surprise ne. Ko so kake ya hau stage a ce maƙwabtansa ƙazamai ne?"

"To," in ji shi, "ni dai driver ne."

Mun isa Handsworth wajen sha biyun rana, wasa kuma ƙarfe biyu. Tun daga ƙofar zauren jikina ya fara gaya mini cewa lissafina bai yi daidai ba. An liƙa tsofaffin hotuna a bango, ga Baba yana saurayi da gashi tum a kai, yana zaune bayan gangunan nan. Wani dattijo mai sanda, wanda shi ne mai kaɗa jita mai kaurin murya a ƙungiyarsu, ya ga ina kallo sai ya shiga ba ni labari. Ya ce a coci Desmond ya fara kiɗa yana yaro. Kafin ya cika ashirin, duk mawaƙin salon soul da ya zo daga Amurka ya rasa makaɗi, Desmond ake nema. Sun zaga Jamus da Holan da Japan suna kiɗan funk. Ya buga a faya-fayen garmaho masu yawa waɗanda ba a ko rubuta sunansa a jikinsu ba, har yau kuma matasa na gutsurar bugunsa suna ɗora waƙoƙinsu a kai. Da na'ura ta zo ta maye gurbin makaɗa, aiki ya ƙafe, bai tsaya kuka ba, ya koma Manchester ya kama tuƙin bas ya ciyar da 'yarsa. Na tsaya baki buɗe. Mutumin da nake kai wa farfesu a kwanon roba kenan.

Duk da haka ban farga ba. Sai ma na ƙara jin daɗi cewa babban mutum irin wannan na yi wa hidima.

Maigidana da mai naɗar sauti suka kafa gangunan a kan dandamali, fitila ta haske su. Sai ga Baba ya shigo, Marcia na riƙe da hannunsa. Ya tsaya cak. Dattijon nan mai jita ya ce, "Waɗannan kuma na wane ne?"

Ni, baiwar Allah, na taka gaba, na gyara mayafi, na ɗaga murya don kowa ya ji: "Nasa ne. Ni na gyara masa su."

Baba ya hau a hankali ya zauna, ya taka babbar gangar sau ɗaya. Ta yi wani irin buuum mai tsawo kamar an daki durom ɗin da ba ruwa a ciki. Ya daki ƙaramar, ta yi ƙara kamar gwangwani. Ya taɓa faifan tagulla ɗaya da sanda, ya yi tsiii ya ƙi yin shiru, har sai da ya kama shi da hannu. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya leƙa ramin nan.

"'Yata," ya ce, da Turancinsa mai sanyi, "ina filona?"

"Na zubar, Baba. Ya yi wari."

Marcia ta toshe baki da hannu biyu. Dattijon mai jita ya nemi kujera ya zauna. Shi ne ya yi mini bayani, a hankali, kamar mai yi wa yaro fassarar mutuwa. Wai a kiɗan funk ba a son ganga ta ja dogon amo, so ake ta faɗi magana ɗaya ta yi shiru. Filon da tsumman su ke kashe amon. Baƙin da ke jikin tagullar shi ke danne ƙararta, kuma shekara hamsin aka yi ana tara shi da gumi da hayaƙi. Filon kuwa, Marcia ce ta ƙarasa, na kujerar mahaifiyarsa ne, ya sato yana ɗan shekara sha bakwai, ya sha duka a kansa, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage masa na tsohuwar.

Wallahi da a ce zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai kuka ya riga ni. Maigidana kuwa ya kafa wa silin ido kamar bai taɓa ganina ba.

Baba ya duba agogo. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni rigar sanyinki." Na tuɓe ƙatuwar rigar nan na ba shi. Ya dubi maigidana ya nuna kansa, "Kai kuma hular." (Hular nan ta Sallah ce, sai da na lallashe shi ya sa ta ranar.) Ya ninke hular ya manna a gefen ƙaramar gangar, ya sa aka cusa rigata cikin babbar. Daga nan ya manta da mu gaba ɗaya. Ya taka, ya kasa kunne, ya ce a ja rigar baya da faɗin yatsa biyu. Ya sake takawa, ya ce a juyo da hannunta gaba. Ya kama sukurori yana murzawa kaɗan-kaɗan da yatsun da ko cokali da ƙyar suke riƙewa. Minti arba'in yana wannan, ni kuwa ina gefe ina rawar ɗari, rabi sanyi rabi kunya.

Ƙarfe biyu zaure ya cika da tsofaffi cikin kwalliya, wasu a keken guragu. Baba ya haɗa sandunansa sau huɗu, sannan ya sauke ƙafa. Jama'a, ban san haka ganga take ba. Bugun bai yi ƙarfi ba, bai kuma yi sauri ba, amma a ƙirjina na ji shi. Hannunsa na hagu yana wasu 'yan ƙananan taɓe-taɓe tsakanin bugu da bugu kamar mai raɗa, ƙafarsa kuma tana sauka a wuri ɗaya kullum, ba ta gaba ba ta baya. Sauran makaɗan duk a kansa suka jingina. Wata tsohuwa kusa da ni ta miƙa mini sandarta ta tashi tana rawa. Ni da na zo a matsayin mai laifi, na tsinci ƙafata tana bin sa ba da izinina ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, manyan faya-fayen da na dirje ɗin nan, a awa ɗaya da rabi bai taɓa su fiye da sau uku ba. Wato salon da ya saba da shi shekara hamsin, a minti arba'in ya sake masa hanya, saboda ni.

Da aka tashi na je na durƙusa gabansa yadda ake yi a gida. Ya ce in tashi gwiwata za ta yi ciwo. Na tambaye shi, cikin hawaye, ko sautin ya fito kamar yadda yake so.

"A'a," ya ce. Bai yi mini ƙarya ba. "Ba muryata ba ce. Amma na yi magana da ita, an kuma ji."

Na ce zan nemo hanyar da zan mayar wa tagullar baƙinta, ai fannina ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce don Allah in bar kimiyya ta huta haka. "Da kanta za ta koma. Shekara talatin kawai take buƙata. Ke za ki ji ta, ni ba zan ji ba."

Daga Birmingham har Manchester ina ƙudundune cikin jaket ɗin maigidana, shi kuma yana tuƙi kai ba hula. Rigata tana cikin gangar, Baba ya ce ta samu aiki, ban kuma da fuskar da zan tambaya. Sautin da jikokinsa za su saurara har abada, na rigar sanyina ne da hular Sallar maigidana, ba na filon mahaifiyar kakansu ba, kuma ba abin da zan yi in canza wannan.

Tun daga ranar na koyi cewa wata dauɗar tarihin mutum ce, kuma alherin da ba a tambayi mai shi ba yana iya fin mugunta ɓarna. Yanzu ko ƙura na gani a kan kayan wani, sai na naɗe hannuna a baya na yi sallama tukuna, na tambaya ko da saninsa take wurin.