Daktora Fatna da Mahaifar da ta Kulle

Allah Ya yi wa unguwarmu a Omdurman ta Sudan baiwa da Hajja Fatna, wadda muke kira Daktora. Wasu likitocin shekara shida suke yi a jami'a su fito. Ita shekara goma sha biyar ta yi a ƙofar wani asibitin haihuwa, tana sayar da shayi. Duk ilimin da ya fito ta wannan ƙofa, sai da ya tsaya ya sha kofi ɗaya a gabanta. Da ƙafa ta fara ciwo ta yi ritaya, ta koma gida da tabarau da jakar magunguna, ta buɗe aiki a ƙarƙashin rumfa. A bayan idonta matan layi suna ce mata Wazirar Mahaifa. Da labari ya kai mata, ta ce ai sun rage mata muƙami.

Kowace la'asar mata kan taru a gidanta shan jabana, wato gahawa mai citta. Ita ke zubawa, ita ke jawabi. Babban abin alfaharinta wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu janyo al'ada. Matan da mazansu ke aiki a nesa su ne manyan masu zuwa, don kowace tana son ta gama jininta, ta shiga hayaƙin duhan, turaren jiki na mata, ta yi ƙamshi, kafin maigida ya sauka hutu.

"Ku saurara, ya banat, 'yan matana," in ji Daktora, tana gyara tabarau. "Wannan ƙwaya aiki biyu take yi. Ta wanke mahaifa, sannan ta kulle ta wata uku cur. Halas! Ko iska ba ta shiga. Manyan dakatira sun tabbatar mini da bakinsu."

Ba wanda ya taɓa tambayar ko a tsakanin kurɓa ta nawa suka tabbatar.

Ɗanta Husam yana haƙar zinariya can arewa, sai a daɗe bai zo ba. Matarsa Malak tana zaune da Daktora, yarinya mai kunya da ba ta iya musu da babba. Da aka ce Husam na tafe, uwar miji ta miƙa mata ƙwayoyi. Malak ta sha, jini ya zo ya wuce, ta yi duhan. Husam ya iso, ya yi 'yan makonninsa, ya koma.

Bayan an kwana biyu Malak ta daina son warin albasa. Sai amai, sai tob, wato lafaya, ya fara matse ta. A wani gidan da guɗa za a yi, jikan fari ne. Amma a gidan Daktora akwai kimiyya, kuma kimiyya ta ce mahaifa a kulle take duk kwanakin da Husam ya yi a gari.

Abu biyu ne a gaban Hajja Fatna: ko ƙwayarta ta yi ƙarya, ko surukarta ta ci amana. Baiwar Allah ba ta ɓata lokaci wajen zaɓe ba.

"Ni ba na zargin kowa," ta faɗa wa matan jabana, murya sama yadda za a ji har kicin. "Amma ilimi ilimi ne. Ciki ba ya shiga sai mahaifa ta buɗe, kuma da ta buɗe ɗana yana cikin rami. Ya'ani, ku yi lissafi da kanku."

Suka yi kuwa. Kafin mako ya zagayo, Malak ba ta iya zuwa sayen burodi. Maƙwabciyarsu Huseina ta hana 'ya'yanta mata gaishe ta. Na ga Malak wata rana tana shanya, idanu sun kumbura, kuma wallahi raina ya ɓaci. Da ta yi ƙarfin hali ta ce, "Iya, ki dubi girman cikin nan mana, ai tun hutun Husam ne," sai Daktora ta ce rabinsa iska ce. Ta kuma buga wa ɗanta waya ta ba shi shawarar likita kyauta: ya sake ta tun kafin abin kunya ya fito.

Husam ya sauka Omdurman fuska a murtuke. Bai saki kowa ba. Ya sa matarsa a raksha mai ƙafa uku sai asibiti, Daktora ta bi su da jakarta don ta taimaka wa ma'aikata. Aka ɗauki hoton ciki. Likitar ta auna, ta faɗi watannin, suka faɗa daidai kan hutun Husam. Ta ƙara da cewa maganin nan jini kawai yake kawowa, ba ya kulle komai, mace na iya ɗaukar ciki nan da nan bayansa.

"'Yata," in ji Daktora cikin tausayi, "lokacin da nake harkar asibiti ba a haife ki ba. Injin nan naku ma na ga kamar zafi ya taɓa shi."

Washegari Husam ya kwashe kayan ɗakinsu, ya haye kogi da matarsa, ya kama haya a Alshajara. Daktora ta sanar da cewa ita ta rubuta musu canjin iska.

Watanni suka wuce, ta sayi sabon tob, ta shirya jawabin ranar suna. Ta gaya wa kowa cewa in mace ce Fatna za a sa, don 'yar fari sunan uwar uba take ci. Ran nan da hantsi Huseina ta shigo da ɗan kwano a rufe.

"Mabruk, ya Hajja. Jiya aka yi simaya, aka raɗa suna, rago biyu. Yarinya kamar Husam ya yi kaki. An sa mata Bakhita, sunan uwar Malak. Ni ma na je neman gafara." Ta ajiye kwanon. "Malak ce ta ce a kawo miki, an ba duk maƙwabta."

Daktora ta buɗe, ta daɗe tana kallon tsoka uku da ƙashi. Sannan ta tambaya, a hankali, ko yarinyar tana da gashi.