Sunan Saratu a Takardar Kamfani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya da takardar kamfaninmu a hannu, ina neman sunan da na san babu shi ba.

Naira ba ta daɗe da fitowa ba, ni da abokina Bulus muka haɗa hannu muka sayi tsohuwar roka, wato babbar motar ɗaukar kaya, muna kwaso citta daga Kachia zuwa tashar jirgi ta Kafanchan. Aka ce mana manyan masu saye ba sa hulɗa sai da kamfani mai rajista, sai muka tafi wurin wani lauya a Kaduna. (Aji biyu na yi a makarantar mishan, amma ranar har da biro a aljihun gaba.)

Lauya ya ce ana bukatar sunan kamfani, da adireshi, da aƙalla mutum biyu, da takardar yarjejeniya mai faɗin rabon kowa. Sai Bulus ya yi gyaran murya ya ce a raba nasa biyu, a rubuta wa matarsa Saratu rabi. Ya san al'adarmu: in miji ya mutu, 'yan'uwansa ne ke kwashe kaya.

Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Na ce, "Bulus, zani za mu ɗinka wa kamfanin? Gobe sai ka nemi izini kafin ka sa mai a mota." Har akawun lauya ya yi dariya. Bulus ya sunkuyar da kai ya ce, "To, a bari." Na ji daɗi, wai na burge mutanen birni.

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya ɗauke Bulus. Bayan jana'iza dangi suka zauna a tsakar gida, da fasto da dattawan ikilisiya. Wansa Ishaku ya ce rabon motar na gidansu ne. Saratu ta dube ni ta ce, "Baban Ladi, maigidana ya ce mini sunana yana cikin takardar kamfanin. Ka karanta masu."

Ashe kunya ta hana shi gaya mata gaskiya.

Na buɗe takardar. Na bi layi da yatsa har ƙasa, na juya shafi, na dawo farko, na goge ido kamar laifin hasken rana ne. Sau uku. Yaran Bulus huɗu suna kallon yatsana.

Ta ce a hankali, "Ya isa. Rufe."

Na ba ta abin da zan iya daga nawa rabon, amma kyauta ce, ba hakki ba, kuma ta san bambancin. Har yau ina tsokana, ban daina ba. Sai dai in na ga mutum zai sa hannu a takarda saboda iyalinsa, nakan fita waje in yi wa awaki barkwancina.