Juma'ar da Na Mai da Babana Aljani

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bar ni ba, da Juma'ar da na tara dangi a tsakar gidanmu a Ƙauran Namoda na nuna musu mahaifina da farar fuska fat da baƙin rawani.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, jiharmu ma sabuwa ce, kowane ofis neman wanda ya iya kwamfuta yake yi. Ni kuwa na yi ɗan kwas a Gusau, na dawo da takardar shaida da girman kai. A unguwa har Injiniya ake ce mini (ni da ko tocila ta lalace sai na kai wa mai gyara).

Ban san fuskar babana ba. Ina goye ya rasu, hotonsa guda ɗaya kuma ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakin Inna ya faɗi. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa tada zancen ba sai da yanar ido ta fara rufe mata gani. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta ma kallona ido cikin ido. Wata safiya tana tsince wake, kanta a ƙasa, ta ce, "Kai wanga, da ana samun hoton Malam, da na ƙara ganinai tun ido na da saura."

Na bazama. Wani tsohon mai hoto a bakin tashar jirgin ƙasa, wanda ya daina sana'ar tuni, ya ce ya san Malam sarai, maƙwabcinsa ne. Ya buɗe akwatinsa ya yi ta ɗaga negetif yana dubawa a rana, wato baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, har ya ce, "Ga shi." Ya ce in kai Kano, akwai masu wanke irinsa har yanzu. Na yi murmushin masu ilimi na ce, "Baba, ai zamanin wanki ya wuce. Sikana zan sayo in sa shi a kwamfuta."

A Kano mai shago ya ajiye mini sikana guda biyu, wato na'urar da ke kwafe takarda ko hoto zuwa cikin kwamfuta. Ɗaya ƙatuwa kamar murfin akwatin ƙarfe, ɗayar 'yar madaidaiciya mai fitila a cikin murfinta da wasu 'yan firam na roba. Ya tambaye ni, "Takarda za ka ɗauka ko fim?" Ya fara bayanin cewa shi fim sai haske ya ratsa shi ta baya, na katse shi na ce na yi kwas. Gaskiyar magana, ba fim nake tunani ba. Tunanin yadda zan sauka a tashar mota da ƙaton kwali nake yi, kowa ya san Injiniya ya dawo. Na ɗauki ƙatuwar, aka ɗaure ta a saman mota.

Da na yi shiru na gwada ta ni kaɗai, da asirina ya rufu. Ina! Sai na aika Zurmi aka kira Baffa, ƙanin babana, malami ne da ba ya ƙaunar hoto, amma ya ce saboda Inna zai zo. Na aika Shinkafi aka kira Gwaggo. Na aro kwamfuta da janareta. Bayan an sauko daga masallaci gida ya cika, matan maƙwabta har da leƙe ta katanga.

Na kwantar da negetif a kan gilashi, na rufe, na danna. Wani haske ya bi ta ƙarƙashi a hankali yana ƙugi. Na ce a raina, yau zan ga ubana.

Sai ga shi ya fito. Wani mutum cikin duhu, fuska fara kamar an shafe ta da toka, rawani baƙi, riga baƙa, idanu kuwa farin ya koma baƙi, baƙin ya koma fari.

Gwaggo ta zabura ta watsar da goronta. "A'uzu billahi! Wanga ba Yaya ba na!" Yara suka watse da gudu. Na hau danne-danne gumi na zuba, maimakon ya gyaru sai na ƙara masa girma, idanun nan suka cika allon. Matan katanga suka tuntsire da dariya. Baffa ya gama karanta abin da zai karanta, ya dube ni a natse ya ce, "Injiniya, ɗan'uwana da farin rawani na san shi. Wanga wa ka kawo muna?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ana cikin haka Inna ta taso. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ku bari. Shi na. Ku duba yadda ya karkata kai. Kunnenai na hagu bai ji sosai, haka yake yi in ana mai magana."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Baffa ya duba, ya sunkuyar da kai. Na juya mata mijinta, na baƙanta fari na faranta baƙi, da idon da ya kusa rufewa kuma ta gane shi.

Na koma Kano kaina a ƙasa. Mai shagon, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba, ya miƙo mini 'yar madaidaiciyar ya nuna mini yadda ake juya hoton. Ƙatuwar kuwa ya ce wadda ta hau saman mota ba ta komawa shago.

Wannan karon ban gayyaci kowa ba, daga ni sai Inna da hantsi. Fitilar murfin ta ratsa fim ɗin, na danna, duhu ya koma haske. Ga farin rawani, ga tsagen gefen fuska, ga wani saurayi mai faffaɗan goshi yana kallona. Na ce, "Subhanallahi."

Inna ta dubi hoton. Sai ta juyo ta riƙe haɓata ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta ce, "Ashe wahala ka sha banza. Kullum shina gabana, ni ce ban duba ba."

Damina na zagayowa idonta ya rufe. Ƙatuwar sikanar tana nan a ɗakina, a kanta nake ninke darduma. Tun daga ranar, in mai shago ya fara bayani, bakina nake kamawa, ko da allura na je saye.