Rasuwar Gadon Hauwa'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa a ɗaure, ni Sambo Mamman na Unguwar Kanawa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gadonmu na katako. Ya rasu ranar Talata bayan sallar Asuba, yana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayin ya shigo gidan nan cikin kayan ɗakin maiɗakina Hauwa'u, saboda haka nata ne, ni ɗan alfarma ne a kansa. Mai haƙuri ne ƙwarai. Aibinsa ɗaya, ko yaya na motsa sai ya ce ƙiiiƙ. Sau uku ina kiran Idi kafinta ya yi maganin ƙarar, sau uku Hauwa'u tana sallamarsa daga bakin ƙofa.

Ni na yi ajalinsa. Na tsare gida a ƙungiyar ƙwallon ma'aikatarmu da ƙuruciya, kuma shekara shida ke nan ina komawa fili cikin barci, ina naushi, ina tsalle. Ran Talata na yi mafarkin bugun fanareti, na tashi sama, na dawo a kan ƙashin bayan marigayin, ya karye.

A asibiti, masu bincike kan irin wannan barci sun tura kaina cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likita ta ce abin da ke ɗaure jiki lokacin mafarki ya saki a wurina, kuma za su riƙa duba ni ko rawar hannu za ta biyo baya. Ta tambayi Hauwa'u yadda ta tsira daga duka duk shekarun nan. A nan na ji amsar da ba a taɓa ba ni ba: ƙarar marigayin ce ke tashinta, ta matsa kafin hannuna ya iso. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Ya bar katifa ɗaya, matasai biyu da gidan sauro. Katifar tana ƙasa yanzu, ba ta cewa komai, don haka likita ta ce Hauwa'u ta koma ɗakin yara.

Za a fitar da shi ranar Asabar bayan La'asar zuwa shagon Idi. Na roƙe shi ya haɗa wani gadon da katakon marigayin, gajere, kuma ya dawo da ƙarar yadda take. Ya ce bai taɓa irin wannan aikin ba, bai kuma yi alkawari ba. Masu zuwa gaisuwa, a taya ni addu'a sabon ya yi ƙara.