Fitsarin da Ba na Inna Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na so yaudarar wata siririyar takarda mai kamar tsinken tsire ba. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, muna zaune a Fagge da mahaifiyata, Inna.

Kwatsam Inna ta rikice. Ga zazzaɓi sama-sama, ga surutai, sai ta miƙe ta ce za ta kai wa Baba tuwo, shi da ya daɗe da rasuwa. Goggo, ƙanwar Baba, ta cika gidan da hayaƙi, ta ce iska ce. Ni ma na yarda. Na riƙa kuka a ɓoye, don na ɗauka na rasa uwata tana raye.

Akwai Madam Nkechi, tsohuwar nas 'yar Sabon Gari da ke sayen zani a wurina. Da na ba ta labari sai ta ce, "Alhaji, ciwon mafitsara fa yakan juya wa tsofaffi kai. Ga kwalba, ka karɓo fitsarinta, da la'asar zan zo in gwada a gida."

Wai in karɓo! Ni ne fa ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko ido ba ma haɗawa. Matata ta tafi wankan gida, Goggo kuwa da in furta mata wannan magana gara in haɗiye kwalbar. Na yi ta zarya tsakanin zaure da ƙofar ɗaki (sau biyu ina sallama, in ɓige da "ya jikin?"). Daga ƙarshe Shaiɗan ya ba ni shawara: tunda iska ce, ai gwajin na fita haƙƙin Madam ne kawai. Na shiga banɗaki na cika kwalbar da kaina.

Madam ta sauka daga acaɓa, ta zauna a tsakar gida, ta tsoma takardar gwajin a kwalbar, ta zuba wa agogonta ido. Babu abin da ya sauya.

"Lafiya lau yake," ta ce, jikinta a sanyaye. "Ba shi ba ne. Ku yi haƙuri, na sa muku rai a banza." Ta fara haɗa jakarta.

"Ai na faɗa," in ji Goggo, ta jawo kaskon turare.

Idan matar nan ta fita, wa zai sake duba Inna?

"Madam," na ce, murya kamar ta ɗan tsako, "ba na Inna ba ne."

"To na waye?"

Na nuna ƙirjina.

Goggo ta saki salati tana tafa hannu. Madam ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To barka, Alhaji, kai dai lafiyarka ƙalau." (Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.)

Su biyu suka shiga wurin Inna da wata kwalbar, suka fito, aka tsoma sabuwar takarda. Wallahi a gaban idona wani farin gurbi ya koma ruwan hoda, na kusa da shi ya fara rikiɗewa zuwa shunayya. Abin da muka kwana biyar muna kora da hayaƙi, ga 'yar takarda ta nuna shi cikin minti biyu! Babu abin da nake maimaitawa sai Subhanallah.

Madam ta ce takarda nuni kawai take yi, asibiti ke tabbatarwa, mu tashi yanzu. A can aka tabbatar, aka ba da magani. Kwana huɗu sai ga Inna zaune tana jan carbi, tana faɗan wanda ya ƙona mata labule.

Bakin Goggo ba ya riƙe magana, ta kwashe duka ta faɗa mata, ina durƙushe. Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ki gaya wa wancan, shekara biyu ina wanke nasa a zanina, ban taɓa jin nauyi ba."

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma tun daga ranar, idan zan shiga wurin mara lafiya, a bakin ƙofa nake cire ta tare da takalmi.